Shin Ko Kun San? Abin da Bincike Ya Gano Game da Masu Galahanga

• Shin ko kun san cewa tun a 1925 wata likitar ƙwaƙwalwar yara a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana halayen galahanga a kan yara maza 6? Sai a 1943 Leo Kanner ya fitar da nasa rahoton kan yara 11 a Amurka.

• Shin ko kun san cewa yaro na farko a rahoton Kanner, Donald Triplett, ya gama kwaleji, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89?

• Shin ko kun san gwajin 'yar tsana na 1985 a Landan? 'Yar tsana mai suna Sally ta ajiye ɗan ƙwallonta a kwando ta fita, wata mai suna Anne ta ɗauke ta ɓoye a akwati. Sai a tambayi yaro: in Sally ta dawo, ina za ta duba? Yara 16 cikin 20 masu galahanga akwatin suka nuna, suka manta Sally ba ta ga an ɗauke ba. Hasashen abin da ke ran wani ne ya ba su wahala.

• Shin ko kun san cewa a 1983 Amitta Shah da Uta Frith sun gano cewa yara masu galahanga sun fi takwarorinsu iya tsamo ƙaramar siffa da aka ɓoye cikin babban zane?

• Shin ko kun san cewa ma'auni kan yi musu ƙwange? A 2007 masu bincike a Kanada, ciki har da Michelle Dawson wadda ita ma tana da galahanga, sun gwada yara masu lalurar da jarrabawar basira iri biyu. A ta zane-zane wadda ba ta buƙatar magana, yaran sun yi fice nesa ba kusa ba fiye da yadda suka yi a mai tambaya da amsa da baki.

• Shin ko kun san cewa rashin fahimtar juna tsakanin masu galahanga da sauran mutane na ɓangare biyu ne? A 2020 Jami'ar Edinburgh ta sa manya 72 su riƙa miƙa labari daga baki zuwa baki. Masu galahanga a tsakaninsu sun isar da shi kamar kowa. Da aka gauraya su da marasa lalurar ne labarin ya fi zubewa a hanya.

• Shin ko kun san cewa an daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su jan 'ya'yansu a jiki? Binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 ya nuna gado ne ke da babban hannu.

Saboda haka yaron da ba ya kallon ido ko amsa kira, kada a yanke masa hukuncin daƙiƙanci, kada a ce aljanu ko sammu. A kai shi ga likitan yara da wuri, a nemo hanyar da ya fi gane karatu da ita.