Rezar da Za Ki Aika a Sayo Miki

Zancenmu na yau na tsakaninmu ne mu mata, don haka in da yara a kusa, a ɗan ba su aike. Magana ce a kan reza, wadda kike gyara hammata da mara da ita, musamman ke da fatarki ba ta son wargi: kina gama aski sai raɗaɗi, bayan kwana biyu sai ƙaiƙayi, kafin mako ya zagayo ƙuraje sun feso.

Ita dai wannan tsafta ba sai an yi mana dogon wa'azi a kanta ba. Tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira, kuma a Sahihu Muslim an ruwaito daga Anas cewa kada a bar gashin ya wuce kwana 40. To amma ki lura, kwana 40 ɗin nan iyaka ce aka sa. Ba a ce ki riƙa kankare jikinki duk bayan kwana uku ba, ba a kuma ce sai kin ji ciwo tsafta ta cika ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba ke ce ke zuwa wurin mai tireda ba. Ko a 'Yankara kike, ko Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara, yaro kike miƙa wa kuɗi ki ce, "Maza sayo mini reza." Kunya ta hana ki ƙara bayani, shi kuma ya kawo duk wadda aka ba shi. Ashe ke nan mai tireda ne ke zaɓa wa jikinki reza, alhali bai san irin fatarki ba.

Abin da ke kasuwa bai wuce iri uku ba. Akwai tsirarar reza mai baki biyu da ke zuwa a naɗe cikin takarda, irin su Tiger, wadda muke yanke farce da ita. Kaifinta ba laifi, sai dai ba don a riƙe ta da yatsu aka ƙera ta ba. Tun da wani Ba'amurke mai suna Gillette ya fara sayar da irinta a 1903, a cikin mariƙi na ƙarfe mai murfi ake ɗaura ta, ta yadda bakin kaɗan ne ke leƙowa. Mu ne muka yar da mariƙin muka kama tsirararta, muna kai ta wurin da ido ma ba ya gani sosai. Yawancin yanka daga nan yake. Sai mai mariƙin roba mai baki ɗaya, irin wadda kamfanin BIC ya fito da ita a 1975. Ta uku ita ce mai baki biyu a jere, ko uku, har biyar, wadda ta fi tsada, ake kuma tallarta cewa tana share gashi tas.

To 'yar'uwa, wannan "tas" ɗin shi ne abokin gabarki. Bari in yi miki bayani dalla-dalla. Gashinmu na baƙar fata ba miƙaƙƙe ba ne, a nannaɗe yake fitowa tun daga saiwarsa. Ita reza mai baki da yawa, bakin farko yana ɗan jawo gashin waje, na biyu ya datse shi, sai abin da ya rage ya koma ya lafe a ƙarƙashin fata, ga shi da tsini kamar an fiƙe tsinke. Idan ya tashi tsirowa, maimakon ya bi ƙofarsa ya fito, sai ya lanƙwashe ya soki fata. Jiki kuwa ba ya bambance shi da ƙaya, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, wani lokaci har da mugunya. Waɗannan su ne ƙurajen aski, irin waɗanda kike gani a wuyan maigida da ƙeyarsa. Idan suka warke sai su bar baƙin tabo, kuma na san mata da dama da duhun hammata ya tura su ga man bilicin, alhali daga reza abin ya samo asali. Santsin kwana ɗaya bai kai wannan wahala ba.

Saboda haka ni a ganina, mai laushin fata ta tsaya a kan mai baki ɗaya. Ki koya wa ɗan aikenki kalma uku: mai mariƙi, mai baki ɗaya, a rufe cikin ledarta. Idan maigida zai shiga kasuwar Funtuwa, ki roƙe shi ya nemo miki mariƙin ƙarfen nan. Sau ɗaya ake sayensa, daga nan sai sauya rezar takarda kawai, ga sauƙin kuɗi ga sabon kaifi kullum. Ki duba ta da kyau in ta iso. Ko ɗigon tsatsa kika gani, a mayar.

Yadda kike aski ma yana da nasa. Kada ki taɓa sa reza a busasshiyar fata, balle da hunturu da jiki ke yin fari fat. Idan gashin ya yi tsawo, fara rage shi da almakashi. Ki bar askin sai ƙarshen wanka, bayan ruwan ɗumi ya jiƙa wurin na ɗan lokaci, don jiƙaƙƙen gashi ya fi sauƙin yankuwa. Ki sa kumfar sabulu marar ƙamshi sosai, ki bi gashin ta inda ya kwanta, kada ki tayar da shi, kada ki ja fatar ta miƙe, kada kuma ki yi ta maimaita wuri ɗaya. Bayan kin gama ki ɗauraye, ki tsane da tsabtataccen ƙyalle, ki shafa man kaɗanya. Turare da humra su jira zuwa gobe. Ita ma rezar a wanke ta a shanya, kada a bar ta kan katangar makewayi cikin laima. Ranar da kika ji ta fara jan gashi maimakon yanka, ta gama aiki.

Yanzu ga maganar da ta fi ƙuraje nauyi: reza ba a aronta. Ko tsakaninki da abokiyar zamanki, ko 'yarki, ko shi maigidan kansa. Kowa tunaninsa ƙanjamau, amma ciwon hanta nau'in B ya fi shi saurin kamuwa ta wannan hanya. Ƙwayar cutar tana iya yin kwana 7 ko fiye da ranta a cikin busasshen jinin da idonki ba zai gani ba, kuma mai ɗauke da ita na iya yin shekaru garau bai sani ba. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ita. Ki ƙirga mutanen babban gida irin namu ki gani. Ruwan zafi da kike watsa wa reza ba abin dogaro ba ne. Haka ranar suna, idan wanzami ya zo askin jariri, ba rashin kunya ba ne ki aika masa da sabuwar reza ta hannun kakar yaro, a buɗe ta a gaban mutane. Ita ma ungozoma sabuwa dal za a ba ta don yanke cibiya, saboda tetanus da ke sandarar da jarirai. Allurar rigakafin ciwon hanta kuwa tun 2004 take cikin rigakafin yara a ƙasar nan, kuma an fi so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Akwai waɗanda ma reza ba tasu ba ce. Mai ciwon suga, wadda ciwo ke daɗewa bai warke mata ba, da wadda ɗan yanka kaɗan ke zame mata tabo mai tudu, su riƙe almakashi su rage gashin ƙasa-ƙasa. Mai tsohon ciki ma haka, tunda ba ta ganin wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2018 ba ta goyi bayan a riƙa aske mace don za ta haihu ba. Man cire gashi da ake sayarwa a kemis yana yi wa wasu, amma ki fara gwada kaɗan a hannunki ki kwana ki gani, kuma kada ya kusanci cikin gaba. Halawa irin ta masu gyaran amare tana tuge gashi daga saiwa, sai dai ita ma takan bar ƙuraje ga mai nannaɗaɗɗen gashi.

Idan ƙurajen sun riga sun fito, ajiye rezar tsawon mako uku ko huɗu, ki riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, kada ki matsa, kada ki tona da allura. In ya zama maruru, ko ya haɗa da zazzaɓi, ki gaya wa maigida ya kai ki asibiti, a can ki nemi ma'aikaciya mace ta duba ki. Tsohuwar rezar kuma a naɗe ta a jefa masai, kada ta kwana a bola, don da ita 'yan makaranta ke fiƙe fensir.