Alƙalami a kan gilashi: Rawar da allon zane zai iya takawa a sana'ar ƙira a Zungeru

A lambun shaƙatawa na Gamji da ke Kaduna akwai wata 'yar gadar ƙarfe da ake tsallakawa da ƙafa. A Zungeru aka fara kafa ta a shekarar 1904, lokacin da garin yake hedikwatar mulkin Turawa a Arewacin Najeriya ƙarƙashin Frederick Lugard. Bayan an mayar da hedikwatar Kaduna, sai aka kwance gadar, aka kwashe ta, aka sake haɗa ta a can. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai in kowane ƙarfe yana da sanannen tsawo, kowane rami kuma yana daidai inda noti zai same shi.

Wannan ita ce matsalar da har yau ke gaban masu walda da maƙera a garuruwan Jihar Neja, inda ake ƙera injinan casar shinkafa da na sussukar masara da na niƙa. Gwaninta akwai ta. Sai dai galibin ma'aunin yana cikin kan maigidan shago ne, ko a jikin alli da aka zana a ƙasa, wanda ƙafa za ta share kafin la'asar. Idan wani sashe na injin ya karye a gona, dole a koma wurin wanda ya ƙera shi. Idan kuma an nemi guda ashirin iri ɗaya, da wuya a sami biyu da za a iya musanya musu kaya.

Maganin wannan shi ne zanen ƙira da kwamfuta, wanda ake kira CAD a taƙaice. A 'yan shekarun nan kuma wata na'ura ta yi arha har ta fara shiga hannun ɗalibai: allon zane mai alƙalami. Fuskar kwamfuta ce da ake kwantarwa a kan tebur, mutum ya yi zane a kan gilashinta kai tsaye, layin ya fito a ƙarƙashin bakin alƙalamin kamar a takarda.

Alƙalamin yawancin waɗannan alluna ba ya ɗauke da batir. A ƙarƙashin gilashin akwai ragar wayoyi da ke fitar da ƙarfin maganaɗisu, alƙalamin ya karɓa ya mayar da sigina, allon kuma ya gane inda yake, da ƙarfin dannawar, da yadda aka karkata shi. Da yawa daga cikin na zamani suna bambance matakan danni 8,192, shi ya sa layi ke yin kauri ko siriri gwargwadon nauyin hannu. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya shahara da wannan fasaha, kuma ya fito da samfurin Cintiq a 2001. Daga baya kamfanonin China irin su Huion da XP-Pen suka shigo kasuwar, farashi ya sauko.

Abin sha'awa, da alƙalami aka fara zanen ƙira a kwamfuta tun asali. A 1963 wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar Sketchpad, inda ake zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. Mutum zai ja layuka a karkace, ya umarci kwamfutar ta daidaita su, ta kuwa daidaita. Amma da kwamfutocin tebur suka yaɗu, AutoCAD ta fito a 1982, SolidWorks ta biyo baya a 1995, sai linzamin kwamfuta, wanda wasu ke kira ɓera, ya karɓe aikin. Manhajojin da aka gina tun daga lokacin, da linzami a zuciya aka gina su.

A nan ne mai shirin kashe kuɗinsa ya kamata ya tsaya ya yi tunani, domin ƙira mataki biyu ce.

Matakin farko na tunani ne. Mai ƙira yana son ya ga yadda bakin da ake zuba shinkafa zai buɗe, inda hannun turawa zai zauna, yadda murfi zai rufe bel don kada ya kama rigar yaro. Zai yi zane goma ya watsar da tara. A wannan mataki allon ya yi wa linzami fintinkau. Ana iya ɗaukar hoton tsohon inji da waya, a ɗora shi a allon, a zana gyara a kansa yayin da mai injin ke tsaye yana cewa nan ya yi tsawo, can ya yi kaifi. Malami ma zai iya jan layi a kan aikin ɗalibi ya nuna masa kuskure, kamar yadda yake yi da jan biro. Haka nan duk abin da ke da lanƙwasa da ado, irin kwanuka da tire na tagulla da aka san Bida da su, ya fi sauƙin sassaƙawa da alƙalami a manhaja irin Blender, saboda hannu ya riga ya san wannan motsin.

Mataki na biyu na lissafi ne, kuma a nan allon ba shi da wani fifiko. Idan rami zai zama milimita 12, ba wanda ke zana shi da ido, lamba ake rubutawa. Aikin yini guda a AutoCAD ko SolidWorks ya ƙunshi rubuta alƙaluma, da zaɓen ƙananan gefuna, da juya siffar abu ta kowace fuska, da kusantowa da nesantawa da ƙafar da ke tsakiyar linzami. Ana iya ɗora waɗannan ayyuka a kan maɓallan alƙalami, amma da yawa suna komawa ga linzami bayan 'yan kwanaki. Hannu yana rufe abin da ake dubawa, kafaɗa tana gajiya idan an tayar da allon, wuya kuma yana ciwo idan an kwantar da shi. A tsofaffin samfura masu kaurin gilashi, layin yakan fito ɗan nesa da bakin alƙalami, musamman a gefe. Masu shimfiɗaɗɗen gilashi da aka manne da fuskar sun rage wannan aibi, kuma abu ne da ya kamata mai saye ya tambaya.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba: yawancin waɗannan alluna ba kwamfuta ba ne. Sai an jona su da wata, kuma nauyin manhajar a kan waccan yake. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi duka biyu ba, ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi zai fi yi masa amfani, sannan ya nemi ƙaramin allo marar fuska, wanda ake zane a kansa ana kallon kwamfuta. Da wuyar sabo a makon farko, amma yana yin rabin aikin a kan kuɗi kaɗan. Ta fuskar manhaja kuwa da sauƙi: FreeCAD da Blender da Krita duk kyauta ne, kuma kamfanin Autodesk yana bai wa ɗalibai da malamai damar amfani da manhajojinsa ba tare da biya ba.

Batun wuta ba zai ɓoyu ba a garin da ke maƙwabtaka da madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700 a kan Kogin Kaduna, wadda aka fara ginawa a 2013. Wutar da injinanta huɗu ke samarwa babban layin ƙasa take hawa, ba kai tsaye take shiga shaguna ba. Ƙaramin allo na inci 13 yana iya shan wuta daga kwamfutar tafi-da-gidanka ta waya ɗaya, amma zai rage wa batirinta kwana. Manya kuwa sai da soket. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, domin ƙwayar yashi ɗaya a bakin alƙalami ta isa ta karce gilashi.

Yankin ba ya rasa inda za a gwada wannan aiki. A Zungeru akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja. A Minna, tafiyar kimanin kilomita 60, akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, da cibiyar ƙera kayan kimiyya ta SEDI da ke ƙarƙashin hukumar NASENI. Ɗalibin injiniya ya riga ya shafe watanni a kan katakon zane da fensir da rula kafin ya taɓa CAD, don haka hannunsa a shirye yake. Ɗakin zane ba ya buƙatar allo a kowane tebur. Biyu ko uku da za a riƙa karɓa-karɓa sun isa matakin farko, sauran kuɗin su tafi ga kwamfutoci da wutar sola da na'urar buga takarda.

Na'urar bugawar ba ƙaramin abu ba ce a lissafin. Mai walda ba zai kai gilashi kusa da tartsatsin wuta ba. Abin da zai isa hannunsa takarda ce mai ɗauke da hoton sashen daga sama da gaba da gefe, da ma'auni a milimita, da kaurin farantin ƙarfen da za a yanka, wadda zai manna a bango, yaron shago ya duba ya yanka, a kuma aika kwafinta Tegina ko Kontagora idan injin ya lalace a can.