Nauyin Gaɓa da Tsawon Sauti: Shigar da Waƙar Hausa cikin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun daga nazarin Greenberg na 1949 zuwa na Galadanci na 1975, manazarta sun tabbatar da cewa karin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda wannan ilimi zai yi wa manazarci jagora yayin shigar da tsawon sautin rerawa cikin manhajar rubuta kiɗa.

2.0 Yadda Ake Shigarwa

A manhajar MuseScore, akan fara da danna harafin N. Daga nan sai a zaɓi tsawon sauti da lamba, sa'annan a danna harafin sautin, daga A zuwa G. Lamba 5 tana ba da bugu ɗaya, 4 rabin bugu, 6 kuwa bugu biyu. Ɗigo yana ƙara wa sauti rabin tsawonsa, sifiri kuma yana nuna hutu. A kula, a manhajar Sibelius lamba 4 ce bugu ɗaya.

3.0 Dangantaka da Gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW marar nauyi, sai BWW da BWB masu nauyi. Idan aka ba marar nauyi lamba 4, mai nauyi za ta ɗauki 5. Misali:

(1) gida (gi-daa): 4, 5
(2) sarki (sar-kii): 5, 5

Matsalar ita ce, daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali a rubuce. Kalmar "gari" na iya zama mazaunin jama'a (4, 5) ko abin tuƙa tuwo (5, 5). Wanda ya dogara ga takarda kaɗai, babu makawa ya gurgunta karin waƙar.

Bugu da ƙari, binciken Hayes da Schuh na 2019 a kan karin Rajaz ya nuna cewa a bakin mai rerawa, gaɓa mai nauyi ba lallai ta ninka marar nauyi daidai wa daida ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, wajibi ne manazarci ya yanka baitin gaɓa-gaɓa, ya saurari rerawar sau da dama, kafin ya taɓa madannai. Kwamfuta ba ta gyara kuskuren kunne; abin da aka danna shi masu nazari na gaba za su gada.