Ƙara wa Kwamfutar Cinya Ƙwaƙwalwa da Hannunka

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce rashin sani kaza ta kwana kan dami. Ban san gaskiyar karin maganar nan sosai ba sai a hutun bara, sa'ad da na koma gida Tozai ta ƙasar Illela da niyyar buga babi na biyu na kundina. Kwamfutar da na saya ta hannu sai ta ɗauki wata irin nawa, in na taɓa harafi sai na jira kafin ya bayyana. Har na ƙudurta sayar da ita, ashe maganin ciwon nata wani ɗan falle ne da bai kai tsawon yatsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai abin da fallen nan yake, da yadda mutum zai ƙara shi da kansa ba tare da ya yi ɓarna ba.

Mece ce ƙwaƙwalwar?

Kalmar ƙwaƙwalwa tana rikita mutane, domin mukan kira abubuwa biyu da ita. Na farko shi ne ma'ajiya, inda rubuce-rubuce da hotuna suke zaune ko an kashe na'ura. Na biyu shi ne wanda masu gyara ke kira ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, kuma a kansa muke magana. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ne ya ƙago irin wadda ake amfani da ita yau, aka ba shi shaidar mallakar ƙirar a 1968.

Mu ɗauki misali da ɗan kasuwar Illela. Yana da sito inda yake tara haja, yana kuma da rumfa inda yake baje ta. Sito shi ne ma'ajiya, rumfa ita ce ram. Idan rumfa ta yi ƙunci, duk mai sayen da ya zo sai ɗan kasuwa ya ruga sito ya ɗauko, ya mayar da wani abu don a sami wuri. Wannan kai da kawowa shi ne nawar da muke gani. Da kasuwa ta watse kuwa sai a kwashe rumfa fes, kamar yadda ram kan manta kome da zarar an kashe wuta.

Da giga ake auna faɗin rumfar. Manhajar Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar ƙasa da giga 4, kuma ita kanta takan cinye kaso mai yawa daga ciki. Ɗalibin da ya buɗe kundinsa da ƙamus da shafukan intanet a lokaci guda, giga 8 ne zai ba shi sukuni.

Tambayoyi uku kafin ciniki

Ta farko, shin ƙuncin ƙwaƙwalwa ne ainihin cutar? A buɗe duk abin da aka saba aiki da shi, sa'an nan a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare. Allon Task Manager zai fito, ya nuna yawan ram ɗin da ke ciki, da wanda aka cinye, da gurbi nawa ke ɗauke da falle. In ma'aunin yana kusa da cika kullum, to an gano ciwo. In kuwa rabi ma bai kai ba, a nemi laifin a wani wuri, galibi a tsohuwar ma'ajiya mai faifai mai juyawa, wadda ake musanyawa da SSD.

Ta biyu, kwamfutar tana karɓar ƙari? Waɗansu sirara na zamani an liƙe ƙwaƙwalwarsu da dalma a jikin babban allo, ba ta cirewa. Haka MacBook Air na kamfanin Apple suke. Kowace na'ura kuma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma littafin mai ƙirarta yana faɗa. Bugu da ƙari, Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4, ko nawa aka cusa mata.

Ta uku, wane iri take ci? A nan ne ni na faɗa rami. Ram zuriya-zuriya ne. DDR3 ya fito a 2007, na kwamfutar cinya yana da haƙora 204, yana cin wuta bolt 1.5, ƙanensa DDR3L kuma bolt 1.35. DDR4 ya shigo kasuwa a 2014 da haƙora 260 da bolt 1.2. DDR5 na 2020 yana da haƙora 262. Kowannensu yana da giɓi a tsakanin haƙora, kuma wurin giɓin ya bambanta, don kada wani ya shiga gurbin wani. Tawa HP EliteBook 840 G2 ce, mai cin DDR3L. Ni kuwa na dubi bayanin 840 G3 mai cin DDR4, na yi tattaki har Sakkwato na sayo, na dawo gida ya ƙi zama. Kuɗin mota sau biyu ne ladan gaggawata. Dabara mafi sauƙi ita ce a karanta takardar da ke manne a jikin tsohon falle: PC3L na nufin DDR3L, PC4 na nufin DDR4. Wanda ya ɗauki hotonta ya tafi kasuwa da shi ba zai ɓata ba.

Yadda ake aikin

Da farko a kwafe kundi a ajiye a wani wuri dabam. Sai a kashe kwamfuta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. A kwance murfin ƙasa da ƙaramin sukudireba, a tara kusoshin a murfin kwano.

A nan akwai haɗarin da ya fi shafar mu 'yan Arewa. Kowa ya san tartsatsin da bargo kan yi a daren hunturu. Wutar nan da ke taruwa a jikin mutum saboda bushewar iska tana iya kashe falle nan take, ba tare da an ga alama ba. Saboda haka kada a yi aikin a kan katifa ko darduma. A taɓa ƙofar ƙarfe kafin a fara, a riƙe falle ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoransa.

Gurbin yana da 'yan maƙalai biyu, hagu da dama. In za a cire tsoho, a buɗa su waje, zai ɗago da kansa. Sabo kuma a daidaita giɓinsa da ɗan tudun da ke cikin gurbi, a tura shi a karkace har haƙora su shige, sa'an nan a danna shi ƙasa har a ji ƙas. Abin da ya ƙi shiga da lallashi kada a sa masa ƙarfi. In an kunna allo ya tsaya baƙi, yawanci fallen ne bai zauna daidai ba, sai a kashe a sake zaunar da shi. Falle biyu masu girma ɗaya, kamar 4 da 4, sun fi guda ɗaya mai 8 sauri, domin na'ura takan ɗebo daga biyun a tare.

Kammalawa

Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ram na duniya: Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, da Micron a Amurka. A ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi rububinsa. Duk da haka falle ɗaya bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba. Ga ɗalibin da ke zaune nesa da birni, sanin abin da zai saya ya fi ƙwarewar hannu muhimmanci, don aikin kansa bai fi na minti goma ba. Tawa dai da giga 8 ta kai ni ƙarshen babi na biyu kafin hutu ya ƙare. Ina kuma roƙon malamaina su duba mana sunan da ya dace da ram a Hausa, ko ƙwaƙwalwar aiki ta wadatar, ko akwai wanda ya fi ta.