Zubin Wata Ko Shiga Kyauta: Yadda Wasannin Intanet Ke Samun Kuɗinsu

Gabatarwa

Wasannin intanet na haɗaka su ne wasannin da mutane da yawa ke bugawa tare a lokaci guda ta waya ko kwamfuta, alhali kowa yana inda yake. A garin Bauchi, musamman unguwannin da ɗalibai suka fi yawa irin su Yalwa da Gwallameji, "buga gem" ya zama ruwan dare. Sunaye irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball sun shiga bakin matasa kamar sunayen ƙungiyoyin ƙwallo. Idan ka tambayi mai bugawa nawa ya saye shi, sai ya ce maka ai kyauta ne. To amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ke biyan ɗaruruwan ma'aikata, yake kuma kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasan dare da rana, daga ina yake mayar da kuɗinsa?

A wannan maƙala zan yi bayanin manyan hanyoyi biyu da kamfanonin ke bi. Ta farko na kira ta "zubin wata", domin ta yi kama da zubin adashi, wanda ake yi a kan lokaci ba fashi. Ta biyu kuwa na kira ta "shiga kyauta". Daga nan sai mu duba dalilin da ya sa ta biyun ce ta karɓu a wajenmu, da kuma abin da take ci daga aljihun ɗalibi.

Tsarin Zubin Wata

Wannan shi ne tsarin da manyan wasannin haɗaka na farko suka tashi a kansa. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest ya biyo baya a 1999, kuma a wancan lokaci dukansu suna karɓar kimanin dala 10 a kowane wata. Wanda ya fi kowane shahara shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ke Amurka, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2004 a kan kimanin dala 15 a wata. A shekarar 2010 masu zubi a wannan wasa sun kai miliyan 12.

Yadda abin yake mai sauƙi ne. Ka biya, a buɗe maka ƙofa. Ka daina biya, a rufe. Amfaninsa ga kamfani shi ne ya san abin da zai shigo masa a ƙarshen wata, saboda haka yana iya tsara aikinsa na shekara. Amfaninsa ga mai wasa kuma shi ne ya san iyakar abin da zai kashe, sannan ɗan attajiri da ɗan talaka, muddin sun shiga, abin da zai bambanta su shi ne iyawa da naci.

Sai dai tsarin yana da nasa aibin. Ƙofarsa tana da tsada, don haka wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba yakan yi shakkar shiga. Har ila yau, da yake kamfani yana so ka sake zubi a wata mai zuwa, yakan ja maka rai, ya mayar da aikin kwana ɗaya ya zama na mako guda. Mai wasa kuma yakan ji cewa in bai buga ba kuɗinsa sun tafi a banza. Daɗin daɗawa, mutum ba ya iya zubi a wasanni uku ko huɗu lokaci ɗaya, shi ya sa kasuwar ba ta ɗaukar manyan 'yan kasuwa da yawa. Star Wars: The Old Republic ya fito da zubin wata a ƙarshen 2011, amma kafin shekara ta zagayo sai da ya buɗe ƙofar shiga kyauta. Shi kansa Blizzard ya daina bayyana yawan masu zubinsa a 2015, lokacin da adadin ya sauko zuwa miliyan 5.5. Duk da haka tsarin bai mutu ba, domin World of Warcraft da Final Fantasy XIV suna nan a kansa.

Tsarin Shiga Kyauta

Wannan tsari ya yi ƙarfi ne da farko a Koriya ta Kudu, inda matasa ke taruwa a gidajen kwamfuta suna wasa. Kamfanin Nexon ya fitar da MapleStory a 2003, ya bar kowa ya shiga ba ko sisi, ya koma yana sayar da ƙananan kayayyaki a cikin wasan. League of Legends ya bi wannan hanya a 2009, Fortnite kuma ya cika duniya da ita daga 2017. A wannan shekarar ce kamfanin Garena na Singafo ya fitar da Free Fire. PUBG Mobile ya zo a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. A 2021 kamfanin Konami na Japan ya sauya wasan ƙwallon nan da aka sani da PES, ya mayar da shi eFootball, ya kuma daina sayar da shi.

Misalin da ya fi kusa da wannan tsari a wajenmu shi ne na mai tsire. Idan ka tsaya a gabansa yakan yanko maka ɗanɗano, ba ya kuma karɓar kuɗinsa, domin ya san abin da ɗanɗano ke jawowa. Hanyoyin da kamfanonin ke samun kuɗi bayan ɗanɗanon sun haɗa da waɗannan:

Na ɗaya, kayan ado. Ana sayar da tufafi da fentin bindiga da salon rawa, waɗanda galibi ba sa ƙara wa mai wasa ƙarfi, sai dai su sa abokai su kalle shi.

Na biyu, tikitin zango. Mai wasa yakan sayi tikiti na 'yan makonni, ya riƙa samun lada gwargwadon yawan wasansa. Idan zangon ya ƙare, abin da bai samu ba ya wuce shi. Idan aka lura da kyau, wannan zubin wata ne ya sake shiga ya dawo.

Na uku, akwatin sa'a. Mutum ya biya kuɗi ya buɗe akwati ko ya juya ƙafar sa'a ba tare da ya san abin da zai fito ba.

Na huɗu, sayen ƙarfi. A wasu wasannin kuɗi na iya kawo maka gwanin ɗan ƙwallo ko makami mai kyau. Wannan shi ne "biya ka ci", kuma shi ne abin da masu wasa suka fi ƙorafi a kai.

Akwai wata dabara da ta haɗa dukansu. Ba a rubuta farashi da naira ko dala, sai da kuɗin wasa: lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG Mobile, CP a Call of Duty Mobile. Wanda zai yi dogon tunani kafin ya fitar da naira dubu biyar ba ya jin zafin kashe lu'ulu'u, domin bai riƙe su a hannu ba.

Mafi yawan masu wannan wasa ba sa sayen komai. Kaso mai tsoka na kuɗin yana fitowa ne daga 'yan tsirarun da ke kashewa ba ji ba gani, waɗanda kamfanonin ke kira da sunan dabbar da ta fi kowace girma a teku; da Hausa sai mu ce giwayen ruwa. To mene ne amfanin wanda ba ya biya? Amfaninsa shi ne cika fili. Kasuwa ba ta ci sai da jama'a, kuma wanda ya sayi riga mai tsada yana bukatar masu kallo da abokan karawa.

Me Ya Sa Shiga Kyauta Ya Karɓu A Bauchi?

Dalili na farko shi ne farashi. Bayan da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A kan wannan lissafi, zubin dala 15 ya kai naira 22,500, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ɗalibin da ke jiran saƙo daga gida ba zai ko fara wannan tunani ba.

Na biyu shi ne hanyar biya. A 2022 bankuna da yawa a Nijeriya sun taƙaita ko sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗe ƙofar. Zubin wata kuwa yana son katin da za a riƙa cira daga cikinsa ba tangarɗa.

Na uku shi ne kayan aiki. Manyan wasannin zubi suna son kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki da sabis mai ɗorewa. Free Fire kuwa an ƙera shi ne domin ƙananan wayoyi, mutum 50 ke karawa, a gama cikin kimanin minti 10.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne yadda muka saba sayayya. A kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, mutane da yawa ƙulli-ƙulli suke saye: sukari ƙulli, omo ƙulli, katin waya na ɗari. Ko a harkar nishaɗi haka ne. Mai gidan kallon ƙwallo shi ke zubin DStv na wata, ya sayi man janareta, mu kuma mu biya kuɗin wasa ɗaya. Mai gidan gem shi ke sayen PlayStation, yaro ya biya kuɗin karawa ɗaya ya tashi. Ke nan tun kafin wayoyin zamani su yawaita mun riga mun san yadda ake farfasa babban kuɗi ya zama ƙanana. Tsarin shiga kyauta ya zo ya tarar da wannan ɗabi'a, ya zauna daram a kanta.

Shin Da Gaske Kyauta Ce?

Hausa ba ita ce harshen da na tashi da shi a gida ba, wataƙila shi ya sa nake yawan tsayawa a kan kalmomi. Kyauta a Hausa ita ce abin da aka ba ka ba don a samu wani abu daga gare ka ba. Gyara ita ce ƙarin da mai sayarwa ke yi maka bayan ciniki ya faɗa. Ɗanɗano shi ne wanda ake ba ka kafin ciniki domin a jawo ka. Idan muka auna da wannan ma'auni, waɗannan wasanni ɗanɗano ne, kuma kuɗinsu na fita ta ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce data. Sauke wasan da sabunta shi a kai a kai suna cin data mai yawa, ga shi kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ƙofa ta biyu ita ce ƙananan sayayya. Ɗari biyar yau, dubu ɗaya jibi, ba wanda ke rubutawa. Zubin wata yana da rufi, wannan kuwa ba shi da shi. Wasu ma sukan tura kuɗi ga dillalan da ba su sani ba domin samun lu'ulu'u a araha, su ƙare da asarar kuɗin da asusun wasan gaba ɗaya. Ƙofa ta uku ita ce lokaci. Tikitin zango da ladan kullum an tsara su ne domin mutum ya ji bai kamata ya yi fashin ko rana ɗaya ba, ko da kuwa makon jarrabawa ne.

Hukumomi a ƙasashen waje sun fara sa ido. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ce. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka: miliyan 275 tara ce kan keta dokar kare bayanan yara, miliyan 245 kuma domin mayar wa mutanen da tsarin wasan ya sa suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019.

Kammalawa

Ba zan ce shiga kyauta sharri ne tsantsa ba. Ba don shi ba, da yaron da ke Kofar Ran ko Fadamar Mada bai sami damar karawa da takwaransa na Barazil ko Indunusiya ba. Bambancin tsarin biyu shi ne, a zubin wata kamfani ne ke faɗa maka farashi tun a bakin ƙofa, a shiga kyauta kuwa kai ne za ka yanka wa kanka farashi bayan ka riga ka shiga, a lokacin da kwaɗayi ya fi ƙarfi.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai guda uku ce. Ka mayar da kowane lu'ulu'u zuwa naira kafin ka taɓa maɓallin saye. Ka ware abin da za ka iya kashewa a wata, har da kuɗin data, ka rubuta shi, wato ka yi wa kanka zubin wata. Sannan ka guji akwatin sa'a, kada kuma ka bar ƙanenka da wayar da aka ɗaura wa katin banki. A ɓangarenmu na masu nazarin harshe kuma, aiki na jiranmu. Ƙannenmu suna wannan ciniki ne da kalmomin da iyayensu ba sa ganewa, kuma uba ba zai iya tsawatarwa a kan abin da bai san sunansa ba. Kalmomin da na kawo a nan shawara ce kawai, ina fata malamaina da abokan karatuna za su tace su, su kawo waɗanda suka fi su.