Jarrabawar neman aikin kwamfuta: labarin mutumin da ya kasa juya itace

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu muna riƙe da salula. Da ita muke kiran dangi, da ita muke jin kuɗin gero a kasuwa. Salula ba ta da wayon kanta. Akwai mutanen da suke zama su rubuta mata umurni, layi bayan layi, su ce mata: in an taɓa nan, yi kaza. Su ne masu tsara aikin kwamfuta. Albashinsu yana da kauri, don haka matasa da yawa suke neman aikin. To, yaya ake ɗaukar mutum?

Matakan gwaji

A manyan kamfanonin Amurka, kamar Google da Microsoft da Amazon, ba a ɗaukar mutum rana ɗaya. Da farko ya aika takardar da ke nuna karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. In ta yi musu, a kira shi ta waya. Daga nan a ba shi matsala ya warware cikin minti 45 ko awa ɗaya, wani ma'aikaci yana kallon abin da yake rubutawa. In ya haye, sai babbar rana: mutum huɗu ko biyar su gwada shi ɗaya bayan ɗaya. A da, tsaye ake yi gaban farin allo. A lokacin annobar korona ta 2020, yawancin gwajin ya koma ta hoton bidiyo, mai nema yana ɗakinsa. Duka wannan yana iya cin makonni da yawa.

Abin da ya sami Max Howell

Max Howell mutumin Ingila ne. A shekarar 2009 ya ƙirƙiro wani tsari mai suna Homebrew, wanda ke sauƙaƙa wa masu kwamfutar Apple saka kayan aiki a cikinta. Kyauta ya ba duniya, kuma masu sana'ar da yawa suna aiki da shi kullum.

A shekarar 2015 ya tafi gwaji a Google, ba su ɗauke shi ba. Ya fito ya faɗa wa duniya da ɓacin rai cewa ma'aikatansu suna amfani da abin da ya ƙera, amma an kore shi don bai iya juya itace a kan allo ba.

Wane itace ke nan? Ba gawo ba ne, ba kuka ba. Hanya ce ta jera bayani cikin kwamfuta. Ku ɗauki kaka mai ƴaƴa biyu, kowane ɗa shi ma da ƴaƴa biyu ko ƙasa da haka, har zuwa tattaɓa kunne. Juya itacen shi ne a mai da na dama hagu, na hagu dama, a kowane gida. Ɗalibai suna koyon wannan a jami'a.

Maganarsa ta jawo gardama. Wasu suka ce ya yi gaskiya: maƙerin da garmarsa ke cikin kowace gona, ba a tambayarsa sunan ƙarfe. Wasu suka ce kamfani yana da dama ya tabbata mutum ya san tushen sana'a. Cikin shekarar nan kamfanin Apple ya ɗauke shi aiki. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Shin gwajin yana gane gwani?

A shekarar 2013, Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya gaya wa jaridar New York Times cewa tambayoyin ka-cici-ka-cici da suke yi ɓata lokaci ne. Irin su: gidajen mai nawa ne a unguwar Manhattan? Ya ce ba sa nuna wanda zai iya aiki.

A shekarar 2020, masana na wata jami'ar jihar Karolina ta Arewa, tare da na Microsoft, sun gwada ɗalibai 48. Kashi ɗaya suka yi aikin a gaban mai kallo, suna bayani da baki. Kashi ɗaya aka bar su su kaɗai cikin ɗaki. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Ashe sau da yawa tsoro ake aunawa. Duk wanda ya taɓa karanta takarda gaban taro ya san yadda harshe ke sarƙewa.

Ƙofa ta ƙara matsewa a ƴan shekarun nan. A watan Janairu na 2023, Google ya sallami ma'aikata 12,000, Microsoft 10,000. Masu nema suka yi yawa, gurbi ya yi kaɗan.

Abin da iyaye za su riƙe

Muna da ƴaƴa masu karatun kwamfuta a Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa. Wata rana za su tsaya gaban masu gwaji, a gida ko a waje. Ga abubuwa huɗu.

Na ɗaya, yaro ya riƙa gwada kansa gaban aboki, yana faɗin tunaninsa da ƙarfi, har tsoro ya fita.

Na biyu, in bai gane tambaya ba, ya nemi a sake masa bayani. Masu gwaji sun fi son haka da shiru.

Na uku, in ya faɗi, kada a yi masa gori. Kamfanoni da yawa suna yarda mutum ya sake dawowa bayan wasu watanni.

Na huɗu, kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi wurin mai neman aiki. In aka ce a aika kuɗi ta salula kafin gwaji, macuta ne. Kada ku sai da akuya, kada ku taɓa rumbu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.