Totuwa da Dalma: Yadda Ake Daidaita Fatsa

Wanda bai san sana'ar su ba yakan ɗauka fatsa sa'a ce kawai: a soka tana a ƙugiya, a wurga, a jira rabo. Rabo dai na Allah ne. Amma zauna kusa da Basarke a bakin kogi a Yawuri, za ka ga hannunsa ba ya barin zaren, yana matsar da ɗan guntun totuwar kara sama, can kuma ya dawo da shi ƙasa.

Tazarar da ke tsakanin totuwa da ƙugiya ita ce ke yanke zurfin da koto zai tsaya, kuma kowane kifi da inda yake kiwo. Tarwaɗa da ƙurungu a ƙasa suke laluben abinci da gashin bakinsu, don haka sai koto ya taɓa laka. Kawara kuwa a saman ruwa take yawo. Shi ya sa gwani ke fara auna zurfi: ya ƙara wa zare nauyi ya jefa, in totuwa ta nutse zare bai kai ƙasa ba, in ta kwanta zare ya yi yawa.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen girman totuwa. Duk abin da ke cikin ruwa, ruwan na tura shi sama daidai da nauyin ruwan da ya ture. Ke nan babbar totuwa, ko faffaɗan guntun silifas da yara ke yanka, sai an ja da ƙarfi kafin ta nutse. Karfasa mai tsantseni ce. Da ta ji turjiya sai ta tofar. Dabarar ita ce a riƙa ƙara dalma kaɗan-kaɗan har ya zama kan totuwa kawai ke leƙowa. A nan ko lasa kifi ya yi za a gani. Wani lokaci ma ba nutsewa take yi ba, tasowa take ta kwanta, alamar kifi ya ɗauki koto ya ɗaga dalmar. Da yawa sukan tsaya jira a nan, har kifi ya tafi.

Ƙugiya kuma a yi ta daidai bakin kifin da ake nema. Inda tsage yake, sai an sa 'yar waya, don haƙoransa na datse zare.

Abin da ke damuna shi ne dalmar kanta. Guba ce, tana taruwa a jiki, kuma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Duk da haka sai ka ga yaro ya sa haƙori yana matse ta a jikin zare, ko ana narka ta daga tsohon batir a tsakar gida. A matse da filaya, ko a ɗaura ɗan dutse ko noti. Nauyi kawai ake bukata, kuma waɗannan ma suna kai koto ƙasa.